Jif ɗin abokin Yaya ba ta da takardar kwastan, in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Kubwa, ina aiki a wani asibiti a cikin gari. Wani lokaci aikin dare nake yi, wani lokaci in tashi bayan isha'i, kuma tsoron motocin 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, ya ishe ni. Na haɗa kuɗin adashi da na sarƙoƙina da na sayar, sun kai naira miliyan 9. Niyyata ƙaramar Corolla. Sai yayana, wanda shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya ce abokinsa zai bar mini Lexus RX 330 a miliyan 8 da rabi saboda shi, wai ita ta dace da mutuncina da kuma hanyar Jos inda mahaifiyarmu take. Motar tana da lamba, tana da kyau a ido, sai dai abokin ya ce takardar kwastan ta ɓata, zai nemo daga baya. Maigidana ya ce duk abin da na zaɓa daidai ne. Ban taɓa yi wa Yaya musu ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yi wa guminki albarka. Haɗa miliyan 9 daga albashin jinya da adashi a wannan zamani ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ina goyon bayanki ki sayi mota. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin titi da daddare yana leƙa fuskokin mutanen da ke cikin mota kafin ya shiga ba, ba zai gane abin da kike gudu ba. Amma wannan jif ɗin, a yadda kika kwatanta ta, kada ki ba da ko kobo a kanta. Kuma ba sai kin yi wa Yaya musu ba. Takarda da makanike za su iya faɗin a'a a madadinki, ke dai ki ba su dama su yi magana.

Takardar kwastan ita kaɗai ta isa ta kashe cinikin nan. Kin ce motar tana da lamba, to lamba daban, fito daban. Lamba daga ofishin rajistar motoci take fitowa, kuɗin fito kuwa kwastan ake biya lokacin da mota ta shigo ƙasa, kuma akwai motoci birjik a titunan Abuja masu lamba tsaf waɗanda ba a taɓa biya musu fito ba, ko aka biya rabi aka rubuta shekarar ƙarya. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sai ta tashar jirgin ruwa, amma hanin bai hana su ɓullowa ta daji daga Kwatano da Nijar ba. Irinsu ne galibi ake saki da araha. Ranar da jami'an kwastan suka tare ki a hanyar Keffi ko Akwanga, ba ruwansu da wanda ya shigo da ita, wanda suka samu da makulli da shi za su yi. Ko dai motar ta kwana a harabarsu ki shiga safa da marwa, ko ki biya fiton da wani ya ci ribar ƙin biyansa. Ke da cinikin zai bari da rabin miliyan a hannu, daga ina za ki ciro?

Ban ce abokin Yaya maƙaryaci ba ne. Takardu suna ɓata da gaske, a wajen ƙaura ko a ruwan damina. Sai dai ɓatan takarda ba ya goge abin da ke rubuce a wajen kwastan. Kowace mota tana da lambar casis mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ƙarfen ƙofar direba. Ki kwafe ta da hannunki, ki tabbatar ta gilashi da ta ƙofa da ta takardun rajista duk ɗaya ce, sannan a kai ta ofishin kwastan a nan Abuja a duba. In an biya, mai mota shi ke da haƙƙin fito da shaidar kafin ya karɓi kuɗin kowa. A 2024 ma kwastan ta buɗe ƙofa ta kwana 90 don masu motocin da ba su shigo ta hanya ba su je su daidaita. In motar tana hannunsa a lokacin bai je ba, akwai dalili. Ki biya yau a nemo takarda daga baya, wannan shi ne cinikin biri a sama.

Mu ƙaddara ma an duba an samu fito cikakke. Har yanzu ba motarki ba ce, kuma alƙalami ne zai nuna miki. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 har ta wuce 1,000. Daga nan girman inji ya shiga lissafin cefane. RX 330 injinta silinda 6 ne, lita 3.3. Corolla ta 2003 zuwa 2008 silinda 4 ce, lita 1.8. Daga Kubwa zuwa tsakiyar gari ki dawo, ki sa kusan kilomita 60. A kwanakin aiki 22 kin yi wajen kilomita 1,300. Corolla mai lafiya tana shan lita 8 zuwa 9 a kowace kilomita 100, jif ɗin kuwa da esi a kunne da cunkoson safiya ba za ki rasa 13 zuwa 14 ba. Ɗaya wajen lita 110 a wata, ɗayar wajen 175. Ko a naira 900 aka sa lita, bambancin ya kusa dubu 60 duk wata, ban da kasuwa da unguwa da kai yara makaranta.

Mai ma shi ne wanda ake gani. Filogin jif ɗin guda 6 ne, kuma ukun baya suna ɓuya ƙarƙashin bututun iska na saman inji, sai an kwance shi kafin hannu ya kai, kuɗin aiki kenan ya ninka. Tana amfani da bel ɗin taimin, wanda ke daidaita juyin inji, da ake canzawa wajen mil 90,000, kuma babu mai iya rantse miki yaushe aka canza na ƙarshe. Corolla sarƙa gare ta, ba a canza ta a kan lokaci irin haka. Tayar jif inci 17 ko 18 ce, ta Corolla 15. Ki shiga kasuwar kayan mota ta Zuba, ga ta nan kusa da ke, ki tambayi kuɗin taya huɗu na kowacce da kuɗin shokin gaba, ki rubuta. Wannan takardar ma za ta yi miki amfani a gaban Yaya. In aka ce ai sai a mayar da ita mai amfani da gas, ki tuna juyin ma kuɗi ne, tukunyar tana cinye but, gidajen gas ɗin kuma ba su kai na fetur yawa ba, ga layi. Mai aikin dare ba ta da lokacin layi.

Maganar mutunci kuwa na fahimci Yaya. So yake a ga ƙanwarsa ta fito da abin da za a ce masha Allah, kuma wannan ƙauna ce. Amma jif ɗin da za a jingine a ƙofar gida tun 20 ga wata saboda babu kuɗin mai, ke kuma ki koma tsayuwar bakin titi, ba abin da ta ƙara wa kowa. Hanyar Jos ma ba ta buƙatar jif. Ki leƙa tasha ki ga abin da direbobin haya ke bin ta da shi kullum, yawanci ƙananan motoci ne da bas.

A cikin miliyan 9 ɗin nan ki ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar ki manta da shi, ki nemi mota da sauran. Duk motar hannu, komai kyanta, tana da bashin da take zuwa da shi: juyen baƙin mai da na giya, birki, batir, taya ko biyu, sauya takardu, inshora. Wanda ya zuba kuɗinsa kaf a wajen saye, gyaran farko da rance yake yi. Farashi yana motsi da dala, saboda haka ki zaga wuraren dillalai uku ko huɗu ki ji kasuwar da kunnenki. In 'yar Beljiyam, wato motar hannu da aka shigo da ita daga waje, ta fi ƙarfin abin da ya rage, 'yar gida da mutum ɗaya ya riƙe da kyau ba abin kunya ba ce. Pontiac Vibe da Toyota Matrix na waɗannan shekarun injinsu ɗaya da Corolla, kayan gyaransu suna ko'ina, kuma sun fi ta faɗin baya. In an nuna miki Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda 4, ki sa ido a kan baƙin mai, an san da yawansu da shan sa.

Ki kuma sani, Corolla ɗin da kike so ita ma ta kusa ko ta kai shekara 20 a duniya. Sunanta ba zai cece ta ba in an wahalar da ita. Shi ya sa makanike ya zama dole, kuma ba kowane makanike ba. Kada ya zama na mai mota, ko na dillali, ko ma na Yaya. Ki nemo wanda wata abokiyar aikinki ta daɗe tana kai wa mota, a Kubwa ko a Apo, ki biya shi kuɗin dubawa tun kafin ku tashi, ki gaya masa ko an saya ko ba a saya ba kuɗinsa ya tabbata. Dalili shi ne wasu makanikan sukan ja mai mota gefe su yanke la'adarsu, daga nan duk motar da suka duba lafiyarta ƙalau. Ki sa maigida ya tsaya kusa da shi har a gama.

Ku je da sassafe, ku ce kada a tayar da motar kafin ku iso. Ki ɗora tafin hannunki a kan bonet. In da ɗumi, an riga an tayar, kuma inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa, da ƙara ko da hayaƙi. Ki murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, kada ki tayar. Dole ki ga fitilar inji da ta iyabag da ta birki sun kawo, in an tayar kuma su mutu. Wadda ba ta kawo ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta don a ɓoye matsala. Makanike ya buɗe murfin baƙin mai ya juya shi. In ya ga wani kauri mai kalar shayi da madara, ruwa yana haɗuwa da mai, ku yi sallama ku tafi. Hayaƙi shuɗi daga salansa inji ne ke ƙona mai. Ya jona na'urar kwamfuta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996 tana da shi, ya karanta miki abin da ta nuna. Ya shiga ƙarƙashi ya duba ko indomi, wato matatar hayaƙi da ke jikin bututun salansa, tana nan, don da yawa an yanke ta an sayar an walda bututu a wurin.

Da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka gwanjon kamfanonin inshora ne, waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta ci. Mai haɗari kaɗan da aka gyara da kyau ana zama da ita. Wadda ta sha ruwa kuwa lantarkinta ba ya ƙarewa da ciwo. Ki ɗaga kafet ɗin ƙasa, ki duba ƙusoshin da suka riƙe kujeru ko sun yi tsatsa, ki ciro safayar taya ki ga ko da busasshen laka a raminta, ki shinshina. Motar da aka cika wa turare ranar ciniki tana da abin da take rufewa. Sannan a hau babban titin Kubwa da ita, ta shiga giya ɗaya bayan ɗaya ba fizga ba jinkiri, a dawo a tsaya minti goma da esi a kunne ana kallon allurar zafi. Mai motar da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ki amsa.

Yanzu Yaya. Kada ki yi maganar nan ta waya, kada kuma ki aika maigida. Ki je gidansa, ki gaishe shi yadda kika saba, ki fara da godiya, domin mutumin da ya riƙe ki ya cancanta. Sai ki ce masa: Yaya, abin da nake tsoro shi ne motar nan ta shiga tsakaninka da abokinka. In kwastan suka kama ta a hannuna, kai za ka shiga kunya, ko ka ja da shi saboda ni ko ka yi shiru saboda shi. Ka taimaka mini a fara duba lambar casis, makanike kuma ya gani, in komai ya fita sai mu zauna a kan lissafin mai. Ki miƙa masa takardar da kika rubuto daga Zuba da lissafin wata. Ba ki ce ya yi kuskure ba, ba ki zargi abokinsa ba, kin dai nemi kariyarsa, abin da ya saba ba ki. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa da kanta, don mai motar da ya san fitonsa bai cika ba zai ce ya fasa sayarwa.

Kada ki tono ko Yaya yana da la'ada a cinikin. Ko da akwai, dillanci ba haram ba ne, kuma tambayar ba abin da za ta haifar sai ɓacin rai. Ki ba shi wani matsayi a maimakon wanda ya rasa: ki roƙe shi ya raka ku ganin ƙaramar motar, shi ya yi tayi, shi ya zama shaida. In duk da haka ya yi fushi, ki jure, ki ci gaba da gaisuwa da aike kamar da. Fushin zai huce. Amma in kika saya don kunya motar ta zama ciwo, duk ranar da kuka haɗu tana tsakaninku, kuma wannan ya fi wuyar warkewa. Hajiya mahaifiyarku ma kada a sa ta a ciki, sai in shi ya kai mata.

Maigida kuma, duk abin da kika zaɓa daidai ne magana ce mai daɗi, amma ki nemi fiye da haka. Ya zo dubawa, ya sa hannu a matsayin shaida. Takardun dai sunanki za su ɗauka, tunda kuɗinki ne, komai wanda ya ce a sa nasa don sauƙin zirga-zirga. A rubuta yarjejeniyar ciniki da lambar casis da lambar inji da kuɗin da aka biya, da kwafin katin shaidar mai sayarwa da shaidu biyu. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ta yi umarni da kafa shaida in an yi ciniki. Ki biya ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da na takardun mota, ba na ƙaninsa ko na yaron shago ba. A duba lambar a shafin hukumar kiyaye haɗurra, a yi sauyin mallaka a ofishin VIO, masu duba motoci, na Mabushi ba tare da jan ƙafa ba. Inshorar dole ta ƙaramar mota naira 15,000 ce tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da kika yi wa dukiyar wani har miliyan 3, kuma tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suke matsawa a kanta. Ki saya daga kamfanin inshora kai tsaye, ki duba lambar motarki a NIID, rumbun bayanan inshora na intanet. Wadda ake bugawa a gindin bishiya da rabin kuɗi takarda ce kawai.

In mota ta zo hannu, abu uku makanikai ke yawan cutar da ita da su da kyakkyawar niyya. Za a ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don Turai aka yi shi. Kada ki yarda. Shi ke sa inji ya kai zafin aikinsa ya tsaya a nan, in babu shi shan mai yana ƙaruwa, inji yana saurin cinyewa, balle in kin kai ta sanyin Jos a watan Disamba. Za a zuba ruwan rijiya a lagireto, shi kuma yana barin tsatsa da gishiri, ki sayi ruwan lagireto na gaske. Za a zuba baƙin mai mai kauri, alhali Corolla ta waɗannan shekarun 5W-30 aka rubuta mata. Ki sayi mai da matatarsa da kanki, ki yi juye wajen kowace kilomita 5,000, ki rubuta a ɗan littafi a cikin mota. In 'yar Amurka ce agogonta da mil yake ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6, wato wajen mil 3,000 kenan. Taya kuma tana da ranar haihuwa a gefenta, lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra shekara 4 take ba taya, ko da zanenta bai cinye ba.

Masu aro za su zo tun makon farko, ƙannen miji da 'ya'yan Yaya da maƙwabta. Ki sa doka ɗaya ga kowa tun ranar da motar ta shigo gida: ta aiki ce, ba ta kwana a waje, wanda ba shi da lasin ba ya taɓa makulli. In kika buɗe wa mutum ɗaya, rufewa za ta zama gaba.

Zuwa Jos na farko kada ki tuƙa da kanki, ko da hannunki ya faɗa a cikin gari. Ki samu direban da ya san hanya, ki zauna gaba ki lura, ku tashi da safe don dare bai dace da hanyar ba. Tudun Jos ya haura mita 1,200 sama da teku, kuma yawancin hawan a Hawan Kibo yake. A tafiya allurar zafi za ki sa wa ido. A dawowa kuwa gangara ce mai tsawo da kwana-kwana, kuma wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Ki sauke giya daga D zuwa 2 tun kafin gangarar ta fara, inji ya riƙe motar, birki ya zama na taɓawa a saki. Kada a saka ta a furi don tsimin mai, kuma ki bar wa tirela tazara mai yawa, gaba da baya. Kafin kowace tafiya a duba man birki da iskar tayoyi har da safaya, jak da sifanar taya kuma su kasance a but.